Mu karɓi tallafin gidauniya ko mu ci gaba da karo-karo? Tambaya ga masu ƙungiyoyin zane a ƙasashen waje

Rabi Mai Zane, Berlin

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka, musamman mazauna Turai da Amurka.

Muna da 'yar ƙungiya a nan Berlin, a unguwar Wedding. Ba rajista, ba asusun banki, ko suna ma sai bara muka tsayar. Akwai ni mai buga zane a riga da takarda, akwai mai ɗaukar hoto ɗan Gambiya, da wata 'yar Sudan mai ɗinki, da samari biyu 'yan Kamaru masu waƙa, sai masu zuwa yau su ɓace gobe. Ranar Asabar muke haɗuwa a ɗakin ƙasa na wata cibiyar unguwa da aka ba mu aro. Da safe na yara ne. Mu shimfiɗa tsofaffin jaridu a tebur, kowane yaro ya yanka siffar da yake so a takarda, mu ɗora firam mai raga a kai, a zuba fenti a ja shi da roba, sannan a ɗaga firam ɗin a hankali kada ya goge. In yaro ya ga zanensa ya fito raɗau a gaban rigarsa, ihun da yake yi har sama ake ji.

Da yamma kuma na manya ne, kuma a nan aikin ke sauya kama. Da firam ɗin nan dai da fentin nan muke buga ƙyallayen zanga-zanga, na masu adawa da tasa ƙeyar mutane, da na masu neman a cire sunayen 'yan mulkin mallaka daga tituna. Wanda ya san Wedding ya san sashen da ake kira unguwar Afirka, inda tituna ke amsa sunan Togo da Kamaru. A Disambar 2022 aka cire sunan Nachtigal, wani jami'in mulkin mallaka na Jamus, daga dandalin unguwar aka sa na Manga Bell, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914. Ba mu muka yi wannan aiki ba, ƙungiyoyi sun shekara da shekaru suna fama kafin mu zo, amma sawunsu muke bi.

To ga abin da ya taso. Wata gidauniyar al'adu ta ga aikinmu, ta ce mu nemi tallafin shekara guda. Kuɗin zai ishe mu hayar ɗaki namu na kanmu, da kayan aiki, da ɗan abin hasafi ga masu koyarwa. Sharaɗi biyu ne: mu yi rajista a matsayin ƙungiya, sannan a ƙarshen shekara a yi baje koli a wani gidan nuni na tsakiyar gari. Matar da suka turo ta daɗe tana juya hotunan da ɗan Gambiyar ya ɗauka na wasu samari masu zuwa wurinmu, waɗanda takardar Duldung kawai ke hannunsu, wato ta ɗage tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashensu na ɗan lokaci, ta ce waɗannan ne za su ja mutane.

Tun daga ranar kanmu ya rabu. Wasu sun ce mun gaji da karo-karo, fenti ba ya sayen kansa, kuma ɗakin da muke ciki ana iya cewa mu tashi kowane lokaci. Wasu sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, yau za a ce mu kawo hoto, gobe a ce ƙyallen nan ya yi zafi a sauke shi. Ni ina tsakiya, amma batun hotunan samarin nan ya tsaya mini a rai. Akwai wanda ya taɓa bi ta wannan hanya? Kuɗin gidauniya yana kashe fafutuka ne ko kuwa tsoro ne kawai?

Baba Ɗanjuma, Birmingham

Wa alaikumus salam, 'yata Rabi. Allah ya yi wa aikinku albarka. Wannan gardama taku ta girme ki, ni da idona na ga an yi ta a nan Ingila ina ɗalibi, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja.

Farkon shekarun 1980 ƙasar nan tafasa take. A Janairun 1981 gobara ta kashe matasa baƙaƙe 13 a wani gida a New Cross da ke Landan, hukuma ta yi ko-oho, ran 2 ga Maris dubban mutane suka fito kan titi. A shekarar ce Brixton ta kama da wuta, haka Toxteth a Liverpool, haka Handsworth a nan garinmu. A cikin wannan hayaƙi 'ya'yan baƙi 'yan Afirka da Karibiyan suka fara haɗa kansu. A Wolverhampton, nan kusa da mu, su Eddie Chambers da Keith Piper da Donald Rodney da Marlene Smith suka yi ƙungiyar da aka sani da BLK Art Group, har suka kira babban taron masu zane baƙaƙe a 1982. A shekarar ce kuma wasu ɗalibai a Portsmouth, cikinsu da John Akomfrah haifaffen Ghana, suka kafa Black Audio Film Collective. Wata ƙungiyar masu fim, Sankofa ta su Isaac Julien, ta biyo baya a 1983.

Yanzu ga abin da ya shafe ki. Masu fim ɗin nan kuɗin hukuma suka ci, ba a ɓoye ba. A 1982 aka buɗe tashar Channel 4, aka kuma yi wata yarjejeniya tsakaninta da ƙungiyar ma'aikatan fim da cibiyar fina-finai ta Birtaniya, wadda ta ba ƙananan ƙungiyoyi damar samun kuɗi na shekaru, su biya mambobinsu albashi, su koyar da mutanen unguwa, kuma haƙƙin mallakar aikin ya zauna hannunsu. Majalisar birnin Landan ta lokacin ita ma tana bayarwa. Shin kuɗin ya rufe musu baki? Fim ɗin da Black Audio suka fitar a 1986 kan tarzomar Handsworth ta 1985 bai yi wa 'yan sanda ko jaridu sassauci ba ko kaɗan, kuma tashar da ta ba su kuɗi ce ta nuna shi. Na kalle shi a wani zaure cike da mutanen unguwa, aka tashi ana musu, wasu na cewa ya yi zurfi da yawa, ba don mu aka yi shi ba, don 'yan jami'a aka yi. Wannan zargin ya fi damuna a kan zargin kuɗi, kuma ki shirya, ku ma za a yi muku shi ranar da aikinku ya shiga gidan nuni na tsakiyar gari.

Abin da ya yi musu illa ba sharaɗin mai bayarwa ba ne, ɗaukewar kuɗin ne. Gwamnatin Thatcher ta rushe majalisar Landan a 1986. Zuwa farkon shekarun 1990 tashar ta janye hannu daga wancan tsari. Ƙungiyoyin da suka saba da albashi da hayar ofis sai suka rasa tudun dafawa, ɗaya bayan ɗaya aka rufe. Black Audio ta kai 1998. Akomfrah shi ne ya wakilci Birtaniya a babban baje kolin Venice a 2024, kuma ya cancanta, amma ki tambayi matashi a yau sunayen sauran mutum shida da suka kafa ƙungiyar tare da shi, ki ga ko zai kawo biyu. Haka duniyar zane take, ba ta iya riƙe sunan jama'a, mutum ɗaya take zaɓa.

Shawarata, ku karɓa. Amma kada ku ɗora wa kanku hayar da ba za ku iya biya ba in shekarar ta ƙare. Ku sayi abin da zai rage a hannunku: injin busar da zane, firam masu kyau, kyamara, na'urar ajiyar hotuna. Kuma tun yanzu da kuke shiri da juna ku rubuta wa ke da aikin in ƙungiya ta watse, wa ke riƙe da hotuna, da sunan wa za a sa a bango. Maganar nan tana da nauyin faɗa tsakanin abokai, shi ya sa ake barinta sai ranar da ba a ga maciji.

Sule, Barcelona

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Mutanen da ka lissafa 'yan ƙasa ne, da fasfo a aljihu, da digiri. In abin ya ɓaci, tallafi kawai za su rasa. Samarin da Yaya Rabi ke magana a kansu jirgi za a sa su. Ba abu ɗaya ba ne.

Yaya Rabi, ki dubi abin da ya faru a nan. Kowa ya zo Barcelona ya ga masu shimfiɗa kaya a bakin titi, yawancinsu 'yan Senegal. Zanen da suke baza jakunkuna da takalma a kai yana da igiya a kusurwoyi huɗu, hannun mai kayan ba ya barin igiyar, 'yan sanda na ɓullowa sai ja ɗaya, kaya sun zama ƙunshi, an saɓa a kafaɗa an shige tashar jirgin ƙasa. A 2015, bayan wani ɗan Senegal ya rasa ransa a garin Salou lokacin samamen 'yan sanda, suka kafa ƙungiyarsu ta masu talla. A 2017 suka fitar da tambarin kayansu, Top Manta. Suka tara jari da gudummawar jama'a ta intanet, suka koyi buga zane a riga kamar yadda kike yi, suka buɗe shago a unguwar Raval. Lokacin korona a 2020 kekunan ɗinkinsu suka koma ɗinka takunkumi da rigunan asibiti.

Abin da ya sa nake kawo su, rigar da suke bugawa ita ce takardar zanga-zangar, ita ce kuma ke biyan haya. Ba mai cewa su sauke rubutu domin ba wanda ya ba su. Sannan a dokar Sifaniya, wanda ya daɗe a ƙasa ba takarda yana iya neman izinin zama in ya samu mai ba shi kwantiragin aiki, sai ƙungiyar ta zama ita ce mai bayar da kwantiragin. Wannan shi ne zane mai amfani a wurina. Ban san dokar Jamus kamar ku ba, amma ku da kuka iya buga riga, me ya hana ku sayar?

Batun hoto kuwa ba na ma son dogon zance. Na sha ganin masu kyamara sun zo, sun zauna da mu, sun sha shayi, sun ɗauki fuskar mutum yana cikin mafi munin halinsa, bayan wata shida hoton yana bango da sunan mai ɗauka da manyan baƙaƙe, shi kuwa mai fuskar ko katin gayyata bai gani ba. Ba na zargin ɗan'uwanku ɗan Gambiya, shi na gida ne. Amma da zarar hoto ya shiga littafin baje koli da shafin gidauniya, ya fita hannunsa. Ku nuna hannaye, ku nuna ƙeya, ko ku ɗinka musu abin rufe fuska mai kyau su sa ko a wurin zanga-zanga ma.

Hajiya Asabe, San Diego

Ƙanwata Rabi, kowa ya tafi kan kuɗi da hoto, ni kuwa inda kika ce ɗakin aro ne na tsaya.

A nan garinmu akwai wuri ƙarƙashin gadar Coronado da ake kira Chicano Park. Inda yake unguwar 'yan asalin Meksiko ce, aka ratsa ta da babbar hanya, aka ƙara dasa mata ginshiƙan gada a tsakiya. An yi musu alkawarin filin shaƙatawa, sai ran 22 ga Afrilu 1970 suka wayi gari da motocin rusau za a gina ofishin 'yan sandan hanya. Mutanen unguwa suka mamaye filin kwana 12 har hukuma ta janye. Zanen bango bai fara ba sai 1973. Wato fili aka fara ƙwatowa, fenti ya biyo baya. Yau ginshiƙan nan cike suke da zane tun daga ƙasa har sama, motoci na ruri a kanka kana kallo, kuma gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Ki haɗa da na San Francisco. Matasa 'yan asalin Asiya sun kafa Kearny Street Workshop a 1972 a ƙasan wani tsohon otal, International Hotel, inda tsofaffin leburori 'yan Filifin da 'yan China ke zaune a ɗakuna masu araha. Su ma buga zane suke yi, fastocin yaƙin hana tayar da tsofaffin daga hannunsu suke fita. Da asubar 4 ga Agusta 1977 'yan sanda suka zo da dawakai suka ratsa dubban mutanen da suka kewaye ginin, aka fitar da kowa. An rushe otal ɗin, filin ya zauna rami shekara da shekaru, sai 2005 aka buɗe sabon gini na tsofaffi a wurin. Ƙungiyar ta rayu, har yanzu tana nan, amma unguwar 'yan Filifin ɗin da ta haife ta ba ta dawo ba.

Don haka ni saɓanin Baba Ɗanjuma, in kuɗin nan zai ba ku ɗaki da takardar haya ta shekaru da sunan ƙungiya, a nan zan zuba shi kafin inji. Iyaye ba sa bin ƙungiya daga wannan ɗaki zuwa wancan, sau biyu kuka tashi kun rasa yaran safiyar Asabar, kuma su ne ke sa unguwa ta ɗauke ku nata. Sai dai ku sani, inda masu zane suka gyara, masu gidaje na biye da ƙarin haya. Mu ma a unguwar da ke kewaye da filin nan abin da ake kuka da shi ke nan yanzu.

Baba Ɗanjuma, Birmingham

Sule, gaskiyarka kan batun fasfo, ban ja ba. Amma sayar da riga ma yana da nasa ubangidan, shi ne mai saye, kuma shi ma akwai rubutun da ba zai sa a ƙirjinsa ba. Hajiya, in za a samu haya mai tsawo da araha na yarda. Ni dai na ga mutanen kirki suna rabuwa a kan bashin ofis.

Malam Habu, Hamburg

Malama Rabi, ni ba mai zane ba ne, ma'aji ne a wata ƙungiya mai rajista a nan Hamburg, bari in taɓa ɓangaren takardu.

Rajistar Verein, wato ƙungiya a dokar Jamus, ba wuya, mutum bakwai ake bukata da tsarin mulki a rubuce. Inda gizo ke saƙa shi ne shaidar ofishin haraji cewa ƙungiya ta amfanin jama'a ce, domin yawancin gidauniyoyi ba sa ba da kuɗi sai da ita. Wannan shaida tana da iyaka kan siyasa. Ƙungiyar Attac mai fafutuka kan tsarin tattalin arzikin duniya ta rasa tata a 2014, kuma a 2019 babbar kotun haraji ta tarayya ta ce ƙungiya ba za ta fake da ilmantarwa tana kamfe kan kowane batun siyasa ba. Tun daga nan ma'ajin ƙungiyoyi da yawa ke kaffa-kaffa. Abin da kotun ta bari shi ne magana kan abin da ya shafi manufar da kuka rubuta. Saboda haka kada ku rubuta zane da al'adu kawai, ku sa taimakon 'yan gudun hijira da fahimtar juna tsakanin al'ummomi, duk suna cikin jerin da dokar haraji ta amince da su. Mutane da dama kuma gida biyu suke yi: ƙungiya mai rajista ta riƙe ɗaki da ajin yara, gungun yamma ya zauna ba rajista yana sayen fentinsa da karo-karo, rasit ɗinsu ba ya haɗuwa.

Mai Duldung ba izinin zama gare shi ba, ɗage tasa ƙeya ne kawai, kuma ba ya karɓar aikin kuɗi sai da izinin ofishin baƙi. Kada ku miƙa wa kowa ladan koyarwa kafin lauya ya duba takardarsa, za ku ja masa abin da ya fi ƙarfin ladan. Hoto kuma, dokar Jamus tun 1907 ta hana yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba, amma in ya sa hannu janyewa na da wahala, don haka ku rubuta takardar yardar da kanku, da wa'adi, da inda za a nuna. Sule, shawarar rufe fuska a gidan nuni daidai ce, amma a zanga-zanga akwai dokar hana ɓoye fuska a ƙasar nan, jihohi sun bambanta wajen zartar da ita, kuma mai raunin takarda shi ne bai kamata ya gwada ba.

Abu na ƙarshe, ku ma ku yi wa gidauniyar tambaya. Lokacin 'yan Lampedusa a nan Hamburg, wato 'yan gudun hijirar da suka biyo ta tsibirin Lampedusa na Italiya, gidan wasan Kampnagel ya bar masu zane sun gina ɗan gida a harabarsa wasu daga cikinsu suka yi hunturun 2014 a ciki, jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta kai ƙarar shugabar gidan, ba ta ja da baya ba. Ku tambayi taku, in jarida ta taso ku gaba kan wani ƙyalle, za su tsaya ko za su ce ba su san da shi ba. Yadda matar za ta amsa zai gaya muku abubuwa da yawa.

Rabi Mai Zane, Berlin

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa 'yan ƙungiya amsoshinku jiya, samarin da ke cikin hotunan ma suna wurin, kuma abin bai tafi yadda kowa ya zata ba. Ɗaya ya ce ko inuwarsa kada a sa, mahaifiyarsa ta ɗauka yana aiki a ofis. Wani kuma ya ce shi fuskarsa da cikakken sunansa yake so a bango, domin a ganinsa wanda jama'a suka sani ya fi wuyar ɗauka da tsakar dare, ya kawo misalin 'yan gudun hijirar da suka kafa tantuna a dandalin Oranienplatz na nan Berlin daga 2012 zuwa 2014, ya ce ba ɓuya suka yi ba. Sule, ka ga shi ba ya son mu kare shi yadda muke so. Mun bar wa kowa nasa, kuma wanda ya ce a sa, sai ya ga lauya tukuna.

Mun tsayar da gida biyu kamar yadda Malam Habu ya ce. Tsakanin ɗaki da inji har yanzu ana ja, 'yar Sudan ɗin tana bayan Hajiya, ni ina bayan Baba. Malam Habu, in gungun yamma zai yi amfani da ɗakin ƙungiya mai rajista da firam ɗinta, sai ya biya wani abu a rubuce, ko aro ya wadatar?